Wasila da Gidan Mai Takaba

Wasila 'yar aji shida ce. Ƙauyensu yana gefen gulbi, ba nisa da Kimba a ƙasar Jega. Yarinya ce mai ƙwazo, ga ladabi. Aibinta ɗaya ne, ba ta son a ce an fi ta. Ko ɗiban ruwa aka je, sai ta yi yadda ta yi bokitinta ya riga na kowa cika.

A farkon damina, wasu ma'aikatan agaji suka zo daga Jega. Shugabarsu wata mata ce mai suna Malama Safiya. Sun zo ne su koya wa mutane abin da za su yi idan ambaliya ta taso.

Aka taru a filin makaranta, domin nan ne tudun da ya fi kowane tsayi a garin. Maza suka zauna gefe, mata gefe, yara kuma a gaba.

Malama Safiya ta nuna wani tsohon ƙarfen tayar mota da aka rataya a jikin dogonyaro.

Ta ce, "Duk ranar da kuka ji ana buga wannan ƙarfe babu tsayawa, kowa ya bar abin da yake yi, ya hau nan tudu. Kowane gida ya tanadi jaka ɗaya tun yanzu. A sa takardu cikin leda, da magani, da tocila, da ɗan abin da yara za su ci."

Mahaifin Wasila, Malam Zakariyya, manomin albasa ne. Sai ya ɗaga hannu.

"Malama, irin albasa hwa? Har Aliero na tahi na samo shi."

Mutane suka yi dariya. Malama Safiya ta ce, "Tambayarka a kan hanya take. Zuba shi a kwalba, ka toshe bakin sosai, ka sa a jakar."

Daga nan ta juyo wajen 'yan aji shida. Kowane ɗaya aka ba shi gida uku.

"Ba mu ce ku ɗauki kowa ba," in ji ta. "Aikinku shi ne ku sanar, ku dawo, ku faɗi abin da kuka gani. Idan akwai wanda bai fito ba, ku faɗa mana. Don shi ake yin wannan shiri. Kuma kada wanda ya shiga ruwan da ya wuce idon sawunsa. Kun ji?"

"Mun ji, Malama."

Aka sa ranar Asabar za a yi gwaji. Da za ta tashi, Malama Safiya ta ce a wani ƙauye na Maiyama, cikin minti goma sha biyar kowa ya hau tudu. Ita dai faɗa kawai ta yi. Amma maganar ta shiga kunnen Wasila ta zauna daram. A ranta ta ce, ai kuwa sai mun fi su.

Ranar Asabar da hantsi aka buga ƙarfe. Wasila ta sheƙa da gudu. Gida na farko suka fito. Gida na biyu ma suka fito, har da kajinsu a cikin akurki.

Gida na uku shi ne na ƙarshe a gangare. Sai an ƙetare wani kwazazzabo kafin a kai gare shi. A nan wata tsohuwa take, Inna Ramatu, ita kaɗai da awakinta uku. Mijinta, Malam Haidar, ya rasu mako uku da suka wuce. Saboda haka tana cikin takaba, wato zaman da mace take yi a gidan mijinta na wata huɗu da kwana goma bayan rasuwarsa.

Wasila ta yi sallama daga bakin ɗaki tana haki.

"Inna, an buga ƙarfe. An ce kowa ya hito ya tahi tudu."

Tsohuwar tana zaune a kan buzu, da carbi a hannunta. Ta ɗago kai a hankali.

"Ɗiyata, kin manta takaba nika yi? Ba ni ƙetare wanga zaure sai kwanakina sun cika."

"To, Inna, in ruwan gaske ya zo hwa?"

"Inda Malam ya bar ni, nan za a iske ni. Tahi abinki, Allah shi yi miki albarka."

Wasila ta juya. Tana gudu tana tunani. Idan ta faɗa, sai an tura matasa da amalanke har gangare. Lokaci zai tafi, 'yan Maiyama su sha gabansu. Ga kuma kunya. Yaya za a yi ta miƙe a gaban Maigari da Liman, ta ambaci sunan tsohuwa mai takaba, ta ce ta ƙi fitowa? Ai kamar ta kai ƙararta ne.

Ta ce wa kanta, "Gwaji ne kawai. Babu ruwa, babu komai."

A kan tudu, shugaban makaranta Malam Junaidu yana riƙe da littafi, yana kiran yara ɗaya bayan ɗaya. Wani yaro ya ce a gidansa na biyu akwai tsohon da ba ya iya tafiya. Malam Junaidu ya sa jan alama a gaban gidan. Nan take matasa suka tura amalanke suka ɗauko shi.

"Wasila Zakariyya."

"Na'am, Malam."

"Gidajenki uku?"

Wasila ta dubi ƙasa. "Duk sun hito, Malam."

Taron yana da yawa, babu wanda ya lura. Malam Junaidu ya wuce suna na gaba. Gidan Inna Ramatu bai sami jan alama ba.

Malama Safiya ta duba agogo, ta ce minti goma sha huɗu. Yara suka yi ta tafi da tsalle. Wasila ma ta tafa. Amma abin mamaki, daɗin da ta yi tsammani bai zo ba.

Kwanaki suka yi ta wucewa. Wani lokaci mahaifiyarta takan aike ta da tuwo gidan Inna Ramatu. Duk sa'ad da ta ƙetare kwazazzabon nan, sai ta tuna ƙaryar da ta yi. Ta kan ce, gobe zan gaya wa Malam Junaidu. Gobe ta zo, sai ta ga ai maganar ta riga ta tsufa. Idan ta faɗa yanzu, za a san ƙarya ta yi. Haka ta yi ta ɗagawa har wata biyu.

Cikin watan Agusta aka yi kwana uku ana ruwa. Rana ta huɗu da safe sama ta yi haske, mutane suka fara shanya kaya. Sai aka kira Maigari a waya daga wani gari da ke sama da su. Aka ce gulbi ya cika ya batse, ruwa yana tafe.

Wasila tana wanke-wanke ta ji ƙarfe. Wannan karon bugun daban ne. Mai bugawar ba ya ko numfasawa.

Mahaifiyarta ta ɗauki jaka da ƙanenta. Ta ce, "Maza, gidajenki. Ki dawo da sauri."

Gida na farko sun riga sun fito. Gida na biyu suna kan hanya. Wasila ta gangara. A cikin kwazazzabo ruwa ya fara gudu, ja wur da laka, amma bai rufe idon sawunta ba. Ta tsallaka.

Ta tarar da Inna Ramatu a inda ta bar ta wancan karon, a kan buzunta. Awaki suna ta kuka a turke.

"Inna, yau ba gwaji ba ne. Ruwa na nan tahe. Don Allah ki tashi."

"Na hwaɗa miki tun rannan, ɗiyata."

Wasila ta durƙusa ta kama hannunta. "Don girman Allah, Inna. Ginin ƙasa ne, ba zai tsaya ba."

Tsohuwar ta zare hannunta a hankali. Idonta ya cika da hawaye. Ba taurin kai ne ya zaunar da ita ba, tsoro ne. Tana ganin idan ta fita ta saɓa wa Allah, ta kuma ci amanar mijinta.

"Shekara arba'in muna tare da Malam," in ji ta. "Wata huɗu kaɗai anka ce in zauna mishi. Shi ma in kasa? Tahi, kada ruwa shi tare ki."

Wasila ta leƙa waje. Ruwa ya fara shigowa tsakar gida ta ƙarƙashin danga. Ta tuna maganar Malama Safiya: ku sanar, ku dawo, ku faɗi abin da kuka gani. Ta fita da gudu tana kuka. Da ƙyar ta sami wurin tsallakawa.

Tudu ya cika maƙil da mutane da dabbobi. Matasan amalanke sun gama zagaya duk gidajen da ke da jan alama, sun dawo suna hutawa. A ganinsu aiki ya ƙare.

Wasila ba ta jira a kira sunanta ba. Ta kutsa har gaban Malam Junaidu, inda Maigari da Liman Maccido suke tsaye.

"Malam, Inna Ramatu tana gida. Ta ce ba ta hita saboda takaba."

Malam Junaidu ya buɗe littafi da sauri. "Ai ranar gwaji kin ce duk sun hito."

Wasila ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Ƙarya na yi, Malam. Rannan ma ba ta hito ba. Ni ce ban faɗa ba."

Babu wanda ya zage ta, babu wanda ya ɗaga mata hannu. Babu ma lokacin yin haka. Liman Maccido ne kaɗai ya girgiza kai.

Ya ce, "Subhanallah. Da an hwaɗa min tun rannan, da na tahi na yi mata bayani a natse. Addini bai ce ta zauna gini shi danne ta ba."

Wannan magana ta fi bulala zafi a wurin Wasila.

Malam Zakariyya ya ɗauko doguwar igiya, ya kira matasa biyu. Liman ya naɗe ƙafar wandonsa, ya ce da shi za a je, domin maganarsa kaɗai tsohuwar za ta ji. Mahaifiyar Wasila ta miƙa goyonta ga wata maƙwabciya.

Ta ce, "Mai takaba ba ta yarda namiji shi ɗauke ta. Ni zan goyo ta."

Malam Zakariyya ya miƙa wa Wasila jakar gidansu. "Riƙe wagga. Kada ki motsa daga nan."

Suka gangara, Wasila tana kallonsu har suka ɓace a bayan gidaje.

Ta zauna a gindin dogonyaro, ta rungume jakar. Tana jin kwalbar irin albasa tana tokare mata ƙirji. Daga nesa ana hango ruwa yana cinye gonakin gero ɗaya bayan ɗaya. Mata suna ta salati ƙasa-ƙasa.

Yanzu ba Inna Ramatu kaɗai ke cikin haɗari ba. Mahaifinta yana can, mahaifiyarta tana can, ga Liman da matasa biyu. Duk saboda kalma uku da ta faɗa don a tafa musu. Wasila ba ta taɓa jin tsoro irin na wannan rana ba. Ta yi ta addu'a har bakinta ya bushe.

Can sai aka ji wani ƙara daga gangare, irin na gini idan ya zube. Wata mata ta ce, "Inna lillahi." Wasila ta rufe ido.

An daɗe ba a ga kowa ba. Sai wani yaro da ya hau reshe ya ce, "Ga su nan."

Liman ne a gaba, jiƙe har ƙirji. Bayansa mahaifiyar Wasila, goye da Inna Ramatu. Tsohuwar ta ƙanƙame wata tsohuwar gafaka, jakar fatar da mijinta yake ajiye Alƙur'aninsa. A can baya matasa biyu suna tallafe da Malam Zakariyya. Wani tsohon ƙarfen langa-langa da ruwa ya kwaso ya yanke shi a ƙafa.

Daga baya mahaifiyarta ta ba ta labarin yadda aka yi. Sun tarar da ruwan kwazazzabo ya kai ƙugu. Sai da suka ɗaura igiya a jikin giginya kafin suka ƙetare. Liman ya tsaya a bakin ƙofa, ruwa yana dukan gwiwarsa.

Ya ce, "Inna Ramatu, ni ne Maccido. Wanda ya ce ki yi takaba, Shi ne ya ce ki tsare ranki. In akwai tsoron halaka, an yarda ki hita. Ki ƙarasa kwanakinki inda kika samu mahwaka. Ba ki da zunubi."

Tsohuwar ta ce, "Liman, ka tabbata?"

"Na tabbata. Da Malam Haidar na raye, da kansa zai ce ki hito."

Sai a lokacin ta miƙe. Ba su yi nisa ba bangon ɗakin ya kwanta a kan buzun da take zaune. Awakin kuwa babu wanda ya sami kai musu. Ruwa ya tafi da su duka ukun.

Gida goma sha ɗaya suka rushe a ƙauyen, gonaki da yawa suka lalace. Amma da aka ƙirga mutane, ba a rasa ko ɗaya ba.

Bayan ruwa ya janye, Inna Ramatu ta koma gidan su Wasila da zama. Sanyin ruwan ya sa mata zazzaɓi, ta yi mako guda a kwance. Malam Zakariyya kuma ya yi mako uku yana ɗingishi. Wasila ce ta riƙa kai masa ruwan wanke ciwo safe da yamma. Bai taɓa yi mata gori ba. Amma duk lokacin da ta kwance tsumman ƙafar, ita ta san abin da take gani.

Wata rana da la'asar ta kai wa Inna Ramatu kunu. Ta ajiye, ta durƙusa, ta kasa tashi.

"Inna, ki gafarce ni. Da na faɗa tun ranar gwaji, da an kwashe ki da wuri. Da awakinki suna nan. Da ba ki yi ciwo ba."

Tsohuwar ta dube ta.

"Awakin nan na ji zahin su, ba zan ɓoye miki ba. Malam ne ya saya min uwarsu. Amma na yahe miki, ɗiyata. Ni ma ina da nawa laihi. Na zauna a kan abin da ban tambaya ba, ga Liman a gari. Kuma ranar ruwa, wa ya tsaya gaban maza ya tona kansa don a cece ni? Ke ce. Tashi ki ba ni kunun nan, kada shi huce."

Wasila ta share hawaye, ta miƙa mata ludayi.

Da damina ta ja baya, Malama Safiya ta dawo. Ta riga ta ji duk abin da ya faru. Ta kira Wasila gefe, inda babu mai jin su.

"Me ya hana ki faɗa?"

"Ina son mu fi 'yan Maiyama, Malama. Kuma na ji kunya."

Malama Safiya ta ce, "Ni ma na yi kuskure da na kawo maganar minti. Ba tsere muke yi ba. Gwaji ana yin sa ne don a gano inda matsala take, tun ruwa bai zo ba. Wanda ya ɓoye matsala ranar gwaji, zai same ta tana jiran sa ranar gaske."

Aka sake sa ranar gwaji. Aka buga ƙarfe, yara suka watsu. Tun da gidan Inna Ramatu ya rushe, an ba Wasila wani gida a madadinsa.

"Wasila Zakariyya," in ji Malam Junaidu. "Gidajenki uku?"

Wasila ta ɗaga kai. "Biyu sun hito, Malam. A na uku akwai mai jego, kwananta tara da haihuwa. Ta ce ba ta hita sai ta yi arba'in."

Malam Junaidu ya sa jan alama. Liman Maccido ya ce shi da matarsa za su je su yi mata bayani a ranar.

Sai wata yarinya ta ɗaga hannu a hankali. Ta ce a nata gidajen akwai amarya, ita ma ba ta fito ba, kuma ko wancan karon ba ta fito ba. Wani yaro ya ce akwai kurman da ba ya jin ƙarfe sam. Wani kuma ya tuna da rugar Fulanin da ke bayan fadama, wadda ba a ba kowa ita ba. Ashe ba Wasila kaɗai ta yi shiru ba. Kafin a tashi, jan alama bakwai suka ƙaru a littafin.

Malama Safiya ta duba agogo. "Minti talatin da ɗaya," in ji ta. "Wannan ya fi na farko kyau nesa ba kusa ba."

Daga wannan rana Wasila ta riƙe darasinta. Idan aka ba ka amana, ka faɗi gaskiyar abin da ka gani, ko da za ka ji kunya, ko da ba za a tafa maka ba. Matsalar da aka faɗa da wuri tana da sauƙin gyara, kuma gaskiyar yaro ƙarami tana iya ceton rai.

A gefen mata, Inna Ramatu tana zaune a kan sabuwar tabarma. Ta gama takabarta kwana biyar da suka wuce. Tun bugun farko ta ɗauki gafakarta ta kama hanya, ta riga matasa da yawa hawa tudu. Da ta hango Wasila, ta yafito ta da hannu.

"Je ki hwaɗa wa malaminku," in ji ta, "shi rubuta cewa yau na hito."